Kujerar hawa bene ta miliyan biyu, ko ɗaki ɗaya a ƙasa?

Bene ya zama abin yayi. A Yamai da Maradi da Damagaram da Tawa fili ya yi tsada, don haka duk wanda Allah ya buɗa wa sai ya ɗora gini a kan gini: kantuna da falo a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Ana zana gida ana lissafin siminti da ƙarfe, ba a lissafin gwiwa. Sai ranar da amosanin gaɓɓai ya kama Hajiya, ko hawan jini ya shanye wa maigida ɓarin jiki, a tuna cewa matakala ashirin ce tsakaninsa da gadonsa. Daga nan wani ɗa da ke Turai ya turo bidiyo ta WhatsApp: ga kujera mai aiki da lantarki, tsoho ya zauna ya danna maɓalli, ta bi gefen matakala ta kai shi sama. A ganina, ga yawancin gidajenmu wannan kujera ba ita ce mafita ba, kuma lissafi ne zai nuna haka.

A Faransa, inda aka saba da ita, kujerar matakala miƙaƙƙiya takan kama kusan yuro 3,000 zuwa 5,000 har da kafawa. Idan matakalar tana da kwana, irin wadda maginanmu suka fi yi, sai an auna ta an ƙera mata dogon ƙarfen da kujerar za ta bi, ita kaɗai, kuɗin kuma na iya kai yuro 10,000 ko ya wuce. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Ke nan mai arahar kusan miliyan 2 ce, mai kwanar kuma miliyan 6 da rabi. Mai karɓar albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan, jikka 42 a wata, sai ya yi shekara huɗu bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin mai arahar.

Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne, ko Bafaranshe ba shi kaɗai yake ɗaukar nauyin ba. Tun ranar 1 ga Janairu 2024 gwamnatinsu ta fito da tallafi mai suna MaPrimeAdapt', na gyaran gida ga wanda ya kai shekara 70, ko ɗan 60 zuwa 69 da jiki ya fara gazawa, ko mai nakasa. Idan samunsa kaɗan ne a biya masa kashi 50 cikin 100, idan ƙarami ne ƙwarai kashi 70, a kan aikin da bai wuce yuro 22,000 ba. Harajin saye ma kashi 5.5 ne a kan irin wannan kaya. Ba tausayi kaɗai ba ne: sun lissafa sun ga tsoho ya zauna gidansa ya fi araha bisa ya faɗo ya karya ƙugu, ya yi watanni a asibiti, ya ƙare a gidan tsofaffi.

Mu kuwa nauyin a kan ƴaƴa da dangi yake sauka. Sai a ƙara kuɗin jirgin ruwa, da doguwar hanyar Lome ta Burkina, da duwan, da harajinmu na kashi 19. An kawo ta, wa zai kafa? Ta tsaya, wa zai gyara? Kujerar da batir take tafiya, batirin kuma da wutar gida yake cika. Duk wanda ya yi watan Agusta na 2023 a nan, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta, ya san abin da nake nufi. Zafin Afrilu yana kashe batir da wuri, ƙurar hunturu tana shiga haƙoran ƙarfen. Mai kwanar kuma, da yake an ƙera ƙarfenta don matakala ɗaya ne, ranar da buƙata ta ƙare da wuya a sami mai saye.

Ba na cewa haramun ce. Wanda ya riga ya gina, ƙasan duk kantunan haya ne da su iyali ke ci, yana da hali da faifan hasken rana da ma'aikacin da ya yarda da shi, ya saya. Amma ya fara tambayar kuɗin batir da na gyaran shekara kafin ya tambayi kuɗin kujera.

Sauranmu, maganin yana cikin zanen gida. Ɗaki ɗaya a ƙasa mai makewayi a ciki, ƙofa mai faɗin santimita 90 yadda keken guragu zai wuce, daɓen da ba ya santsi, ƙarfen dafawa a bango, masai na zama maimakon na tsuguno. Idan an sa shi tun ana haƙa tushe, ƙarin da zai jawo bai kai kusa da miliyan biyu ba. Kafin tsufa ya zo ɗakin baƙi ne, ko na mai jego. Kakanninmu ma da suka gina soraye a Birnin Damagaram, rayuwar gida a tsakar gida suka bar ta.

Malamai, zancen ya shafe ku fiye da yadda ake zato. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008, a 2019 kuma aka yi doka kan shigar da su cikin harkokin al'umma. Duk da haka a kolej da lise masu bene, musamman na kuɗi da ke ta tsirowa a birane, za ka ga yaron da shan inna ya taɓa yana jan jiki a matakala, ko abokai sun ciccibe shi kullum safe. Yarinya budurwa ba za ta jure wannan ba. Wata rana sai a ce ta daina zuwa, a rubuta cewa ba ta da himma. Nan ba a buƙatar kujera ko tallafin kowa. Darakta ya sauko da ajin ƙasa, ya hau da wani sama. Alli da jadawali sun isa.

Inda kuɗi ke shiga shi ne gangaren shiga aji, kuma nan ake yawan ɓarna. Magini ya zuba siminti a tsaye kamar na shigar da babur, a ɗauki hoto, yaro ya gwada keke ya kife da shi. Ƙa'idar da aka sani ita ce, kowane santimita 8 na tsayi yana son mita ɗaya na tsawo. Dakalin aji mai santimita 40 gangaren mita 5 yake buƙata, ba na mita ɗaya da rabi ba. Uwayen yara da ke cikin kwamitin makaranta, in za a fitar da kuɗin aikin nan daga asusunku, ku tafi da abin awo, kuma a kira yaron ya hau da kekensa da kansa kafin a sallami magini.