Hanta ba ta kuka da wuri



Hanta Allah Ya yi mata baiwa: ko an yanke kashi biyu cikin uku, ƙwayoyinta na aika wa juna saƙon "ku hayayyafa", in ta cika su ce "ya isa". To hepatite B da gubar funfunar gujiya su ke lalata wannan birki, sai kansa ta shigo. Maganin toshe saƙon, sorafenib, akwai shi tun 2007, amma ga tsada, kuma 'yan watanni yake ƙara wa mutum.

Mu kuwa sai ciki ya kumbura mu ce sammu ne! Gujiyar da kasuwa ta ƙi, ita muke yi wa yaranmu ƙuli-ƙuli. Haba! Mu zubar da ita, mu je likita a auna jininmu, jarirai kuma a kai su CSI allurar penta.