Sankarar Hanji: Jiƙon Sassaƙe Ba Ya Warkar Da Ita

Sankarar babban hanji da dubura tana kama mutum kusan miliyan 1.9 a duniya duk shekara, tana hallaka sama da 900,000. Ra'ayin da ya yi kaka-gida a tasha, kasuwa da Facebook shi ne wai maganinta na cikin saiwa da sassaƙe, kuma wai abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa. Wannan ra'ayi kuskure ne mai cin rayuka.

Hujjar masu shi ita ce maganin asibiti ma daga itace yake. Gaskiya ne irinotecan, ɗaya daga cikin manyan magungunan wannan cuta, asalinsa wata bishiyar ƙasar Sin ce, amma tarihinsa ya rushe da'awar tasu. A 1966 Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana sinadarin camptothecin da suka tato daga bishiyar. Da aka gwada shi a jikin majiyyata a farkon shekarun 1970, ya haddasa zubar jini a mafitsara da gudawa mai tsanani, dole aka jingine shi. Sai da aka sake masa fasali kafin Amurka ta amince da irinotecan a 1996, bayan shekara 30. Har gobe ta jijiya ake ba da shi, a auna gwargwadon tsayi da nauyin majiyyaci, likita na duba jininsa a kai a kai.

Kurkur ma da ake ta kurantawa, sinadarinsa na kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji, amma ɗan kaɗan hanji ke tsotsa, hanta kuma ta yi maza ta fitar da shi. Wani ganyen ma ɓata magani yake yi. Binciken da aka yi a Holan a 2002 ya nuna cewa St John's wort na rage sinadarin irinotecan mai aiki a jini da kashi 42 cikin 100.

Babbar ɓarnar ita ce ta jinkiri. A ƙasar Hausa, wanda ya ga jini a bayan gida yakan ce basir ne, ya nufi mai lasifika a bayan mota, wanda kwalbarsa guda wai tana maganin basir, shawara da sanyi. Wata da watanni majiyyacin yana sha yana ramewa, sankarar kuwa tana tsallakawa hanta. Masu bincike na Jami'ar Yale sun gano cewa masu sankarar hanji da suka ƙi asibiti suka dogara da irin waɗannan magunguna, haɗarin mutuwarsu ya ninka fiye da sau 4.

Sankarar da aka gano da wuri, tiyata na warkar da akasarin masu ita. Jini a bayan gida, sauyin yanayin fitar bayan gidan, rama ko ƙarancin jini ba dalili, duk suna buƙatar likita ya leƙa hanji da na'ura. Sinadarin tsiro kuwa ba ya zama magani sai an tace shi, an auna, an gwada a jikin mutane.