Hawan Doki a Gaɓar Tierra del Fuego da Tarihin da Ake Tsallakewa

Daga cikin nau'o'in yawon buɗe ido da suka samu karɓuwa a kudancin Ajantina akwai tafiyar kwanaki a kan doki, wadda ake ratsa gandayen kiwo masu nisa da gari, sannan a bi gaɓar tekun Atilantika har zuwa inda hanyar mota ba ta kaiwa. Ɗaya daga cikin mafi wuya ita ce wadda ake yi a yankin Mitre, wato ƙurewar gabashin tsibirin Tierra del Fuego, tsibirin da yarjejeniyar shekarar 1881 ta raba tsakanin Ajantina da Chile. Matafiya kan tashi daga gandun María Luisa, inda titi ya ƙare, su yi kimanin kwana goma zuwa da dawowa, suna kwana a tanti ko a tsofaffin bukkokin makiyaya, kuma ba a yin tafiyar sai a lokacin ɗumi na can, tsakanin Disamba da Maris, lokacin da hasken rana kan kai awa 17 a yini. Ra'ayin wannan rubutu shi ne cewa tafiyar ta cancanci goyon baya, domin doki ya fi kowace na'ura dacewa da wannan ƙasa, amma yadda ake tallata ta a matsayin ziyarar ƙasar da ɗan Adam bai taɓa zama a cikinta ba kuskure ne babba da ya kamata a gyara.

Mai karatun da ya saba ganin doki a hawan Sallah, cikin ado da kwalliya, zai tarar da wata dabba dabam a can, domin dokin da ake hawa dokin aiki ne da ake kira kiriyolo, gajere mai faɗin ƙirji, wanda ba a neman kyan gani ko sukuwa a wurinsa sai juriya. Asalinsa daga dawakin da Sifaniyawa suka kai ƙasar da ake kira Ajantina a yau, musamman waɗanda Pedro de Mendoza ya sauke lokacin da ya kafa Buenos Aires a 1536, waɗanda suka bazu cikin daji bayan an watsar da garin, suka hayayyafa tsawon ƙarnuka ba barga ba mai ba su harawa, har sanyi da yunwa suka tace su, masu ƙarfi kaɗai suka rage. Shaidar juriyarsu da aka fi ambata ita ce tafiyar Aimé Tschiffely, wani malamin makaranta ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya tashi daga Buenos Aires a 1925 da dawaki biyu, Mancha da Gato, ya isa Washinton a 1928 bayan tafiyar kimanin kilomita 16,000. Sirdin da ake ɗaura musu shimfiɗu ne na fata da bargo, a ɗora buzun tunkiya a sama, saboda mahayi ya iya yini a kai, da dare kuma ya kwance shi ya mayar da shi shimfiɗar kwanciya.

Tafiyar kanta ba ta bin agogon matafiyi, tana bin cikar teku da janyewarsa. A wannan gaɓa ruwan teku kan hau ya sauka da tazarar mitoci masu yawa sau biyu a yini, saboda haka kogunan da ke kwarara cikinsa ba sa ƙetaruwa sai ruwa ya janye, kuma rairayin da doki ke takawa da safe yana iya nutsewa kafin azahar. Wanda ya san waɗannan lokuta shi ne bakiyano, wato ja-gaba ɗan ƙasa da ya haddace mashigai da wuraren da taɓo ke haɗiye doki har ciki, kuma a hannunsa lafiyar ayarin take baki ɗaya. A kan hanya ana wuce ɓaraguzan jirgin ruwan Ingila mai suna Duchess of Albany, wanda ya maƙale a gaɓa a 1893, da kangon gandun Policarpo, wanda masu shi suka bari bayan kiwon tumaki ya gagara a wannan lungu mai dausayi. Shanu da dawakin da aka bari a baya sun koma na daji, suna yawo har yau.

Dalilin fifita doki a kan abin hawa mai inji yana cikin ƙasar da ake takawa. Babban ɓangare na yankin Mitre fadama ce ta wata irin ƙasa da ake kira fit, wadda ke samuwa idan ciyayi da gansakuka suka mutu cikin ruwa mai sanyi suka kasa ruɓewa sarai, sai su yi ta taruwa a hankali, kimanin milimita ɗaya a shekara, har su yi kauri na mitoci cikin dubban shekaru. Irin wannan ƙasa tana riƙe sinadarin kabon da tsirrai suka zuƙa daga iska, kuma idan aka yayyaga ta ko ta bushe sai ta sake shi, ya ƙara wa duniya ɗumama. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na irin wannan fadama da Ajantina ke da ita yana yankin Mitre, abin da ya sa majalisar dokokin lardin Tierra del Fuego ta ayyana shi a matsayin keɓaɓɓen wuri mai kariya a Disamban 2022, bayan fafutukar fiye da shekara 30, kariyar da ta shafi kimanin hekta 500,000 na tudu da teku. Babura masu ƙafa huɗu da wasu masu yawo ke shiga da su suna barin kwari a cikin fadamar, ruwa ya bi kwarin ya zaizaye shi, kuma abin da taya ta ɓata cikin minti guda ba ya gyaruwa a rayuwar mutum ɗaya. Kofaton doki ma yana yin ɓarna, kuma ba daidai ba ne a ɓoye hakan, sai dai ayari ƙarami da ke bin rairayin gaɓa ƙarƙashin ja-gaba masani ɓarnarsa ba ta kama ƙafar ta injin ba. Tsibirin ya riga ya ɗanɗana kuɗar ganganci, domin dabbar biba guda 20 da aka kawo daga Kanada a 1946 don cinikin fatarta, dabba mai gwaguyar itatuwa tana datse rafuka da su, ta yaɗu ta hallaka dazuzzuka masu faɗi.

Inda masu shirya tafiyar suke gazawa shi ne wajen tarihi. Lokacin da matuƙin jirgin ruwa Magellan ya ratsa mashigin da ke arewacin tsibirin a 1520 ya hangi wutar da mazauna wurin suke hurawa, kuma mazaunan nan sun ci gaba da zama har ƙarshen ƙarni na 19: kabilar Selk'nam a filayen arewa da tsakiya, suna farautar gwanako, dabba dangin raƙumi marar tozo, da kuma kabilar Haush a yankin Mitre kansa, inda dawakin baƙi ke bi a yau. Masana sun ƙiyasta yawan Selk'nam da kusan mutum 4,000 kafin shekarun 1880, lokacin da masu neman zinariya irin su Julius Popper suka shigo, sannan manyan masu kiwon tumaki suka biyo baya. Kamfanin Sociedad Explotadora de Tierra del Fuego, wanda aka kafa a 1893, ya riƙe fili na kimanin hekta miliyan ɗaya a ɓangaren Chile, José Menéndez kuma ya kafa gandunsa kusa da Río Grande a ɓangaren Ajantina. Da aka kewaye filayen da waya aka kori gwanako, sai Selk'nam suka koma kama tumaki don su ci, masu gandaye kuwa suka ɗauki hakan sata, wasunsu suka ɗauki hayar maharba suna biyansu fam ɗaya na Ingila a kan kowane mutum da suka kashe. Waɗanda suka tsira aka kwashe da yawansu zuwa sansanin 'yan mishan na tsibirin Dawson, wanda aka buɗe a 1889, inda tarin fuka da ƙyanda suka gama da mafi yawansu. Lokacin da masanin al'adu Martin Gusinde ya ƙirga su a 1919, bai samu mutum 300 ba.

Shirun da baƙo ke biyan kuɗi mai yawa don ya ji a wannan gaɓa, ashe, shiru ne da bindiga da cuta suka samar, kuma gandayen da ake ɗaukar hotonsu cikin sha'awa su ne suka ci gajiyar wannan aika-aika. Faɗin haka ba zargi ba ne ga makiyayin da ke riƙe da linzami a yau, domin shi ma sau da yawa jikan leburori ne da suka yi wa gandayen aiki a kan ladan da bai taka kara ya karya ba, kuma bayan darajar ulu ta faɗi saboda zaren roba, baƙi masu hawa sun zama hanyar da sana'arsa ke rayuwa. Zargin yana kan mai talla da ke rubuta cewa wurin bai taɓa sanin sawun mutum ba, alhali a bakin gaɓar akwai tarin bawon kifin kwanso da mutanen farko suka bari a wuraren zamansu, waɗanda kofato ke iya tarwatsawa idan mahayi bai san mene ne su ba. Kuma zuriyar mutanen ba ta ƙare ba kamar yadda aka daɗe ana koyarwa: ƙidayar Ajantina ta 2010 ta samu mutum fiye da 2,700 da suka ce su Selk'nam ne, akwai al'ummar Rafaela Ishton mai filaye kusa da garin Tolhuin, Chile kuma ta amince da Selk'nam a dokarta a matsayin kabilar asali mai rai a 2023.

Saboda haka abin da ya kamaci hukumomin lardin shi ne su ƙayyade yawan ayarin da ke shiga a kowace shekara, su hana injuna hawa fadama da gaske, su kuma sanya sanin tarihin Selk'nam da Haush cikin sharuɗɗan ba ja-gaba lasisi, tare da ba zuriyarsu gurbi a hukumar da ke kula da yankin da kaso daga kuɗin shiga. Shi kuma matafiyi, ko daga wace ƙasa ya fito, yana da ikon da ya fi na kowa saurin tasiri, domin kafin ya biya kuɗi zai iya tambayar mutum nawa ne a ayarin, wace hanya za a bi, nawa ne ke isa hannun bakiyano, kuma me za a gaya masa game da mutanen da suka riga tumaki zama a wurin. Kamfanin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi bai cancanci a hau dokinsa ba.