GARIN NEMAN GIRA, KADA MU RASA IDO

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku game da wata 'yar magana wadda ake ganin ƙarama ce, alhali kuwa ta sha jawo wa da yawa daga cikinmu asarar kuɗi da zubar hawaye. Maganar ita ce ta kwamfutar tafi-da-gidanka wadda aka kai wa mai gyara domin ya ƙara mata ƙarfi, ta dawo gida tana sandarewa ba gaira ba dalili.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da wani abokin kwanana a ɗaki ɗaya, mutumin Faskari, ya shiga. Ya sayi kwamfuta ta hannu, ya ga tana jan ƙafa, sai ya kai aka ƙara mata ram, watau ma'ajiyar wucin gadi wadda na'ura take aiki a cikinta, aka kuma canza tsohon faifan ajiya da sabon samfurin nan na SSD. Kwana biyu tana gudu kamar barewa. A rana ta uku, yana tsakiyar babi na huɗu na kundin bincikensa, ta tsaya cik. Ya koma wa mai gyara, aka ce masa cutar kwamfuta ce ta kama ta, aka goge kome da kome. Babin ya tafi, sandarewa kuwa tana nan daram.

Ra'ayina a nan shi ne: laifin namu ne kafin ya zama na masu gyara. Mun yi karatu har mun kai jami'a, amma muna miƙa kayan aikinmu ido rufe. Ga ɗalibin da ke zaune a Kano ko Zariya abin ya zo da sauƙi, don masu gyara ga su nan birjik. Amma ɗan Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa da ya koma gida hutu, in na'urarsa ta ƙi, sai ya kama hanyar Funtuwa ko Katsina, kuma duk wanda ya fito daga wannan yanki ya san abin da rashin tsaro ya mayar da tafiya a 'yan shekarun nan. Ilimin gano cutar na'ura ya zame masa tilas ke nan.

To, me ke kawo sandarewar? Da farko dai, ba kowane ram ne yake shiga kowace kwamfuta ba. Samfurin DDR3 yana aiki da wuta bolt 1.5, na DDR3L kuwa bolt 1.35, amma siffarsu ɗaya, duka suna shiga rami guda. Kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na huɗu, waɗanda suka fito daga 2013 kuma suka cika kasuwanninmu na kayan hannu, DDR3L suke bukata. In aka cusa musu ɗaya samfurin, ko su ƙi tashi, ko su tashi suna tangaɗi. Haka nan, ram ɗin yana iya zuwa da lahani tun daga tushe, ko kuma bai zauna daidai a raminsa ba.

Na biyu, SSD. Akwai jabu a kasuwa, akwai kuma waɗanda suka gaji aka sake musu kwali. Bugu da ƙari, in an kwafo tsohon Windows kacokan aka zuba a sabon faifai, yakan taho da tsofaffin matsalolinsa. Na uku, zafi. Mai gyara ya buɗe na'ura ya rufe, bai share ƙurar hunturu da ta toshe fanka ba, ko ya mance bai mayar da wayar fankar ba. Ga bazara tana tafe da zafin da kan haura digiri 40. Na huɗu, caja ta bogi da wutar janareta mai hawa da sauka.

Hanyar gano mai laifi a cikinsu ba ta bukatar ko sisin kwabo. Dokar guda ce, ita ce kuma malamanmu na kimiyya suka koya mana tun a sakandare: a canza abu ɗaya tak a lokaci guda, a ga abin da zai biyo baya. Kashe na'ura, zare caja, cire sabon ram ka bar tsohon, ka yi aiki kwana ɗaya ko biyu. In sandarewa ta ɗauke, ka kama ɓarawo. In ba ta ɗauke ba, mayar da tsohon faifai ka gwada. Windows na ɗauke da ma'aunin lafiyar ram mai suna Windows Memory Diagnostic. Akwai kuma MemTest86, wanda ake sa wa a filas a bar shi ya kwana yana bincike, kuskure ko da guda ɗaya ne ya nuna, to akwai matsala. CrystalDiskInfo kuma yakan faɗi lafiyar faifai da yawan sa'o'in da ya yi yana aiki, nan take za ka gane ko sabo aka sayar maka ko kwance. Sabunta BIOS wani lokaci yakan warware rikici, amma kada ka kuskura ka fara sai batir a cike, domin in wuta ta yanke ana tsakiya, na'urar na iya mutuwa ɗungurungum.

Wani zai ce, ai wannan aikin 'yan kimiyyar kwamfuta ne, ni lauya zan zama ko akawu. Amsata ita ce, manomi ba maƙeri ba ne, amma ya san in ƙotar fartanyarsa ta yi kwance. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, ofisoshi ma sun bi sahu. Kuma tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, jama'a da yawa suna ruguguwar ƙara wa tsofaffin na'urori kaya, ba su san cewa Windows 11 yana da sharuɗɗan da ƙarin ram kaɗai ba ya cika su ba.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Kafin a taɓa na'urarka, kwafe aikinka a filas, kada ka dogara ga intanet kaɗai; ba mu mance da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni a haka. Sa'an nan, ka tsaya a yi aikin a gabanka, ka karɓi tsohon kayanka, ka nemi rasit da sharaɗin mayarwa in kaya bai yi ba. Mai gyara na ƙwarai ba zai ƙi wannan ba. Daga ƙarshe, ina kira ga ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin 'yan asalin waɗannan garuruwa su shirya bita kowane zango, inda 'yan sashen kwamfuta za su koya wa saura waɗannan dabaru, su kuma su kai gida su koya wa ƙannensu.

Abokin nan nawa, daga baya muka zare sabon ram ɗin da hannunmu, na'ura ta miƙe sumul. Aikin minti biyar ne, amma sai da ya ci masa wata guda na sake rubutu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.