Yawon dusar ƙanƙara a ƙarshen hunturu: a duba tsawon dutse kafin a duba araha

Ɗan kasuwa ya san kowace haja da lokacinta. Rigar sanyin da ake rububi a watan Disamba, idan Maris ya kama sai mai ita ya dinga roƙon a ɗauka ko da uwar kuɗi. To haka abin yake a wata kasuwa mai nisa da mu, wato kasuwar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda Turawa ke ce wa siki, a duwatsun Turai da Turkiyya da Maroko. Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu masu otal kan rage kuɗin ɗaki, cunkoso ya ragu, yini ya ƙara tsawo. Ra'ayina shi ne, ga bako daga ƙasashenmu babu lokacin da ya fi wannan dacewa, amma da sharaɗi guda: ya zaɓi wurin da ke can bisa dutse, ko da ya fi tsada, ya bar na ƙasa-ƙasa ko da an ba shi rabin kuɗi.

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan kasuwar Dan Isa ko Birnin Ƙonni ko Maigatari da dusar ƙanƙara. Amsar tana cikin fasfo ɗin ƴan uwanmu. Yau akwai masu zuwa sarin kaya Istambul da Kazablanka da Dubai. Da yawa sun fara ganin dusar ne a Ski Dubai, wurin wasan da aka gina cikin kantin Mall of the Emirates a 2005, suka dawo da sha'awar ganin ta gaske. Ga kuma ƴaƴanmu da ke karatu a Faransa da Turkiyya, waɗanda kan bugo waya su ce abokai na shirin hawa dutse a hutun Afrilu, a taimaka da kuɗi. Ko Alhaji zai je da ƙafarsa, ko shi zai biya wa ɗa, kuɗinsa ne za su fita, saboda haka ya kamata ya san abin da ake saye.

Lokacin ma ya zo daidai da kalandarmu. A 2025 ƙaramar Salla ta faɗo a ƙarshen Maris, a 2026 wajen 20 ga Maris, a 2027 kuwa za ta matso wajen 10 ga wata. Wato a waɗannan shekaru ƙarshen hunturun Turai yana zuwa ne bayan an gama cinikin Salla, lokacin da kasuwa kan ɗan lafa, zafin bazara kuma ya fara gasa mu. A can Faransa tsadar wuraren wasan tana kaiwa ƙololuwa ne a makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da kuma hutun makarantu na Fabrairu zuwa farkon Maris. Wanda ya jira aka gama wannan hutu ya tsallake tsada mafi muni, sai dai ya lura da makon Ista, domin shi ma yakan ɗaga farashi.

To me ya sa na nace a kan tsawo? Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Ƙauyen da ke kan mita 1,000 da wanda ke kan mita 2,300, tsakaninsu akwai wajen digiri 8. Idan a na ƙasa ma'auni ya nuna 10 da rana, dusa na narkewa ta zama caɓi, a na sama yana nuna 2 ne, dusa na nan daram. Hadarin da zai zubar da ruwa a ƙasa, a sama dusa zai zubar. Wani zai ce ai suna da injinan yin dusa. Gaskiya ne, amma injin ba ya aiki sai iska ta yi sanyi ƙasa da sifili, abin da ba a cika samu ba a ƙananan wurare cikin Afrilu. Haka kuma gangaren da ke fuskantar arewa ya fi riƙe dusa, domin rana ba ta dukansa kai tsaye.

Wannan magana ta ƙara nauyi saboda sauyin yanayi, wanda mu ma muke gani a damina. A farkon Janairun 2023, tsakiyar hunturu ke nan, an ga ciyawa kore a kan gangaren wurare da dama na duwatsun Alf, aka rufe hanyoyin zamiya. A wannan shekarar ce hukumar wani gari kusa da Ansi a Faransa ta yanke shawarar rufe wurin wasan La Sambuy gaba ɗaya, saboda dusa ta daina zama kuma asara ta yi yawa. A Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗin gwamnatin Faransa ta fitar da rahoto cewa tsarin da wuraren wasan nan suka dogara a kai ya fara gajiya, musamman waɗanda ba su da tsawo. Idan masu wurin da kansu na rufewa, bai kamata bakon da ya taso daga Maraɗi ya zuba kuɗinsa a irinsu a ƙarshen lokaci ba. Araha ba ta ado.

Bari mu ambaci wurare da sunayensu. A Faransa, Val Thorens na kan mita 2,300, shi ne ƙauyen wasan da ya fi kowane tsawo a Turai, kuma yakan kai farkon Mayu a buɗe. Amfaninsa ga ɗan koyo shi ne filin koyon yana bakin otal, a wannan tsawon, ba sai an hau wani wuri ba. Tignes na kan mita 2,100, da daskararriyar ƙanƙarar Grande Motte a samansa, shi ma yakan kai farkon Mayu. A Suwizalan akwai Zermatt, inda motar igiya ke kai mutum mita 3,883, amma tsadarsa sai mai ƙarfi. Ko shi ɗin ma, da ake alfahari da cewa ana wasa a cikinsa duk shekara, sai da ya dakatar da wasan na ɗan lokaci a zafin 2022. A Sipaniya akwai Siyera Nebada, tafiyar ƙasa da awa guda daga Garanada, ƙauyensa na kan mita 2,100 kuma yakan kai ƙarshen Afrilu. Wanda ya je can zai iya yin wasa da safe, washegari ya ziyarci fadar Alhamra ta sarakunan Andalus.

Ga masu zuwa Turkiyya sari, nan ne aka fi yin kuskure. Kowa Uludag ya sani, domin yana saman birnin Bursa, garin masaƙu, kusa da Istambul. Amma ƙololuwarsa mita 2,543 ce, otal-otal ɗinsa kuma ba su kai mita 2,000 ba, saboda haka bayan Maris ba abin dogaro ba ne. Wanda ke son dusa a ƙarshen lokaci gara ya ƙara kuɗin jirgin cikin gida ya je Kaisari, inda dutsen Erciyes ya kai kusan mita 3,900 kuma ake fara wasa daga wajen mita 2,200, ko ya je Palandoken a Arzurum. Masu zuwa Maroko kuwa za a yi musu tallan Ukaimedan, mai nisan kamar kilomita 75 daga Marrakesh. Wurin na da tsawo, wajen mita 2,600, amma yana kudu sosai kuma ruwan sama bai wadata a yankin ba. Dusarsa ba ta da tabbas ko a Janairu, balle Afrilu. A je don ganin duwatsun Atalas, in an tarar da dusa riba ce.

Bayan zaɓen wuri sai sanin halin dusar ƙarshen hunturu, domin tana sauyawa sau uku a yini. Da dare takan daskare, da sassafe sai ta yi tauri kamar siminti, faɗuwa a kanta ba daɗi. Wajen hantsi ta yi laushi, wannan shi ne lokacin wasa mai kyau, har zuwa azahar. Daga nan ta jiƙe ta yi nauyi, ƙafa ta gaji, a nan gwiwoyi ke gocewa. Ɗan koyo ya ɗauki malami da safe, ya huta da la'asar. A Faransa ana yi wa hanyoyi launi: kore na masu koyo, shuɗi na masu ɗan hannu, ja da baƙi na gwanaye. Kada girman kai ya sa dattijo bin yara zuwa ja a kwana na biyu. Kada kuma kowa ya fita daga hanyar da aka shata, domin da yamma jiƙaƙƙiyar dusa kan zaftaro daga gangare ta binne mutum. Ana kafa sanarwar haɗarin kullum, daga mataki 1 zuwa 5.

Akwai batun lafiya da ya shafe mu fiye da Turawa, kuma masu sayar da tikiti ba za su faɗa ba. Cutar sikila, wato amosanin jini, ta yi yawa a cikin jama'armu. A bisa dutse iskar shaƙa tana raguwa, kuma wannan na iya tayar wa mai sikila da ciwo mai tsanani. Har wanda ke ɗauke da rabin cutar, mai jinin AS, likitoci sun tabbatar yana iya samun matsalar saifa a wuri mai tsawo, musamman idan ya wahalar da jiki bai sha ruwa ba. Saboda haka shawarar da na bayar ta hawa sama tana da iyaka: mai sikila, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, su ga likita kafin su biya ko dala. Mai lafiya ma ya yi kwanan farko a hankali, ya yawaita shan ruwa, in ciwon kai da amai suka matsa ya sauko ƙasa.

Rana ma abin tsoro ce. Mutum zai ce wanda ya saba da ranar Damagaram me ranar Turai za ta yi masa? Hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kamar kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, sabuwar dusa kuma tana maido da har kashi 80 cikin 100 nasa zuwa fuska. Baƙar fata na da ɗan kariya, amma ido ba shi da ita. Wanda ya yini babu baƙin tabarau zai kwana idanunsa na zafi kamar an zuba musu yashi. Game da sutura kuwa, mu ne muka fi kowa sa'a. Rigunan sanyi da wandunan da ba sa shan ruwa, waɗanda Turawa suka gama da su, suna nan cikin dilolin gwanjo a kasuwanninmu, a kuɗin da bai kai na abincin rana ɗaya a can ba. A saya a gida. Sandunan zamiya da takalmansu da hular kwano kuwa haya ake yi a can, ba a saye.

Sai takardu. Kuɗin bizar Shengen ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90 a Yunin 2024, wato kusan jika 59 na sefa, kuma ba a maido su idan an hana. Ana iya nema tun wata 6 kafin tafiya, don haka mai shirin Afrilu ya fara tun Disamba. Ƴan Nijar su tuna an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, saboda haka kowa ya binciki inda zai kai takardunsa kafin ya biya otal. Inshorar da ake nema wajen biza, ta Yuro 30,000, sau da yawa ba ta ɗaukar raunin wasan dusa. A Faransa kuma ɗauko wanda ya karye daga kan dutse ba kyauta ba ne, shi zai biya. Akwai ƙaramar inshora da ake sayarwa tare da katin hawa, ta ƴan Yuro kaɗan a yini. Wanda ya ƙi biyan wannan don tsimi, ranar da tsautsayi ya faɗa zai biya ninkin ba ninki.

Shawarata ta ƙarshe a kan tsari ita ce irin wadda muke bi wajen sari: kada a biya kuɗin hajar da ba a gani ba. A kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba. A duba ranar da wurin ya sanar zai rufe, a tafi aƙalla mako biyu kafin ta, domin a kwanakin ƙarshe sukan rufe wasu hanyoyi da kantuna. Yawancin wuraren suna da kyamarori a intanet da ke nuna gangaren a kowace sa'a, yaro zai iya buɗe wa mutum a waya. Gani ya kori ji. Katin hawa kuwa a bari sai an isa, kuma ɗan koyo ya tambayi na filin koyo, wanda ya fi araha, domin babu amfanin biyan kilomita ɗaruruwan da ba zai taka ba.

Akwai masu cewa duk wannan almubazzaranci ne, alhali ga ƴan uwa na fama. Maganarsu na da nauyi, kuma ba na ba kowa shawarar ya taɓa jari ko ya ci bashi don ya ga dusa. Amma wanda Allah Ya hore wa, ya sauke haƙƙin iyali da na zakka, kuma dama kasuwanci zai kai shi Istambul, ƙarin kwana uku a kan dutse ba laifi ba ne, tafiya mabuɗin ilimi ce. Laifin shi ne ya kwashi guminsa ya bai wa dillalin da ya nuna masa hoton Janairu ya sayar masa da caɓin Afrilu. Kafin a tambayi nawa ne, a tambayi mita nawa ne. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.