Kafin ki tura kuɗin leza, duba robar man da ke gaban madubinki

'Yar uwa, ɗauki madubi ki fita tsakar gida inda rana take, ba hoda, ba filta. Idan kin ga wasu siraran layuka ja ko kore-kore a kumatunki da gefen hanci, kamar saƙar gizo-gizo, to jijiyoyin jini ne. Kowa yana da su, fata ce ke rufe su. Me ya sa naki suka fito fili?

Na san kin ga tallan a Instagram da TikTok: a zo Abuja ko Legas a goge su da leza, fuska ta koma sumul. Har a nan Arkilla maganar ta shiga hirar gidan biki. Leza ba ƙarya ba ce, tana aiki. Amma ga yawancin 'yan matanmu, fara wa da ita kamar tsane ɗaki ne alhali rufin yana yoyo.

Wasu gado suka yi, wasu rana ce ta ja musu. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa man bilicin ne. Mayuka irin su Skineal da Funbact-A magungunan cutar fata ne na ɗan lokaci, kuma akwai sinadarin siteroyid a ciki, clobetasol a na farko, betamethasone a na biyu. Irinsu masu haɗin mai ke matsewa cikin roba marar suna, su ce miki ai "oganik" ne. Idan aka daɗe ana shafa siteroyid, fata takan sirance, ƙananan jijiyoyi su buɗe, abin da ke ɓoye ya bayyana. Ba ke kaɗai ba ce: a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan ƙara hasken fata, kuma a Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Ga yadda lezar take. Haske ne mai ƙarfi da jinin cikin jijiya ke zuƙa, sai ya yi zafi, jijiyar ta toshe, jiki ya share ta cikin makonni. Matsalar ita ce sinadarin da ya ba mu baƙar fata shi ma yana zuƙar wannan haske. Na'urar da ke yi wa Baturiya aiki lafiya lau za ta iya ƙona ki, ta bar miki baƙin tabo ko fari wanda ya fi jijiyar muni. Shi ya sa likitocin fata suka fi amfani da wadda ake kira Nd:YAG a kan fata irin tamu, don haskenta yana wuce saman fata ya shiga ciki. Ita kuwa IPL da wasu gidajen gyaran jiki ke tallatawa, ba ma leza ba ce, kuma ta fi haɗari gare mu. Kada ki ce ai ke yanzu fara ce. Farin mai ne, fatar kuma ta yi laushi kamar ledar fiya wata. Garin gyaran gira sai a rasa ido.

Sannan ba zama ɗaya ba ne, akan koma sau da yawa. Bayan kowane zama dole ki guji rana. A Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40! Kuma in kin dawo kin ci gaba da shafa man nan, sababbin jijiyoyi za su fito, kuɗin sun tafi a banza.

Kai kuma ɗan uwa mai rubuta "fara ko mayya ce" a ƙarƙashin kowane hoto, da kai ake. Ranar da kumatun suka yi kore, kai ne na farkon tura hoton a guruf ana dariya.

Matakin farko ba ya buƙatar kuɗin jirgi. Saka robar man a jaka, ki hau kabu-kabu zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ki nemi a haɗa ki da likitan fata, ki nuna masa abin da kike shafawa da tsawon lokacin da kika yi. Kada ki ji kunya, kuma kada ki yanke man dare ɗaya da kanki in kin daɗe a kansa, don fuska kan yi ja, ta yi raɗaɗi da ƙuraje, wanda shi ke mayar da mutane ruwa. Likita zai tsara miki yadda za ki janye a hankali. Wasu jijiyoyin kan dusashe idan fata ta murmure. Waɗanda suka ƙi, su ne na leza, kuma ranar da kika je, ki tambayi sunan na'urar, ki tabbatar likita ne zai riƙe ta, ki ce a fara gwadawa a ɗan wuri kaɗan a jira a ga yadda fatar za ta yi.