Lafiyar ɗalibai: wa ke duba yaro bayan ya wuce shekara biyar?

A watan Afrilun 2015 gwamnatin Nijar ta rufe makarantun birnin Yamai na wasu kwanaki domin daƙile annobar sanƙarau. Kafin ƙarshen watan Yuni na shekarar, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙirga mutum kimanin 8,500 da ake zaton sun kamu da cutar a faɗin ƙasar, 573 daga cikinsu suka rasu. A watan Disamban 2017 mura mai tsanani nau'in H1N1 ta kashe ɗalibai huɗu a makarantar kwana ta Kumasi Academy da ke Gana. A farkon 2024 kuma sanƙarau ya yi ajalin ɗalibai kusan 20 a makarantun kwana na jihar Yobe a Najeriya.

Ƙasashen sun bambanta, cututtukan ma haka, amma tambayar da iyaye ke yi bayan kowane rashi ɗaya ce: a ranar da yaron ya fara cewa kansa na ciwo, wa ya duba shi? A mafi yawan makarantun yankin amsar ita ce malamin aji, ko mai kula da ɗakin kwana, ko abokin karatu mai ƙwayar farasitamol a aljihu.

Shekarun da tsarin lafiya ya tsallake

Tun 2006 Nijar ke da tsarin kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida lokacin damina a ƙasashen Sahel an tanade shi ne musamman domin yara daga wata 3 zuwa wata 59. Allurar rigakafin zazzaɓin da Kamaru ta fara sakawa cikin jerin rigakafin yau da kullum a watan Janairun 2024 ita ma ta jarirai ce. Akwai hujja mai ƙarfi a kan wannan zaɓi, domin a waɗannan shekarun ne yara suka fi mutuwa.

Sai dai da yaro ya cika shekara biyar sai ya fita daga idon ma'aikatan lafiya. Ba a sāke auna shi, ba a kiran uwarsa zuwa awo, kuma ganin likita ya koma na kuɗi. Yarinya kan dawo hannun asibiti ne ranar da ta zo awon ciki, yaro kuwa sai ciwo ya kwantar da shi. A Nijar, inda kusan rabin al'umma ba su kai shekara 15 ba, wannan giɓi ya shafi miliyoyin yara.

Cututtukan waɗannan shekaru ba su cika tayar da hankalin jama'a ba, amma suna cin karatu a hankali. Tsargiya na addabar yaran da ke wanka a tabkuna da hanyoyin ruwan noman rani, har wasu iyaye na ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga. Ƙarancin jini na sa ɗalibi gyangyaɗi a aji. Yaron da ba ya ganin allo da kyau akan yi masa kallon daƙiƙi, alhali tabarau kawai yake buƙata. Mai cutar sikila na buƙatar ruwa a kai a kai da kariya daga sanyin hunturu, mai farfaɗiya kuma na fama da tsangwama, domin har yanzu akwai masu gudun yawunsa. Makaranta ce kaɗai wurin da ake samun waɗannan yara a tare kowace safiya.

Manufofi sun daɗe a rubuce

Ba yau aka fara batun ba. A taron ilimi na duniya da aka yi a Dakar a watan Afrilun 2000, UNESCO da UNICEF da OMS da Bankin Duniya sun ƙaddamar da wani tsari na haɗin gwiwa kan lafiya a makarantu, wanda ya haɗa da ruwan sha, makewayi, koyar da tsafta da kuma ayyukan jinya. Gana na da shirin ilimin lafiya a makarantu tun 1992. Najeriya ta fitar da manufar ƙasa kan lafiyar makarantu a 2006. Senegal na da cibiyoyin duba lafiyar ɗalibai a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi. A 2021 OMS ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan ayyukan lafiya a makarantu, inda ta ba ƙasashe shawarar samar da su ta hannun ƙwararrun ma'aikata.

Abin da ya hana takardun zama aiki shi ne ƙarancin ma'aikata. Mizanin OMS shi ne likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma 44.5 ga kowane mutum 10,000. Nijar da Cadi da Kamaru da Najeriya da Gana duk suna cikin jerin ƙasashe 55 da hukumar ta bayyana a 2023 a matsayin mafi fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya. Idan cibiyar lafiya ta CSI da ke kula da ƙauyuka da dama na fama da ma'aikata ƙalilan, da wuya daraktan lafiya na gunduma ya ware mutum guda ya zaunar da shi a makaranta. Ko Faransa, wadda ƙasashen da ta raina suka gaji tsarin makarantunta, ma'aikatan jinya ƙasa da 8,000 take da su ga ɗalibai kimanin miliyan 12, kuma ƙungiyoyinsu na ƙwadago kullum cikin kukan rashin isassun hannaye suke.

Horon asibiti bai wadatar da aikin makaranta ba

Ko an samu ma'aikacin, da sauran magana. Makarantun horar da jami'an lafiya irin su ENSP ta Yamai da ta Damagaram, ko ENASS ta Njamena, na shirya ɗalibansu ne domin asibiti da cibiyar lafiya, inda maras lafiya ke zuwa da ƙafarsa, kuma akwai na gaba da za a tambaya. A makaranta ma'aikacin jinya shi kaɗai ne. Shi zai nemo maras lafiyar cikin ɗaruruwan yara masu kama da lafiyayyu, shi zai yanke shawarar wanda za a bari ya huta da wanda za a garzaya da shi asibiti.

Sanƙarau ya isa misali. Yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai kamar zazzaɓin cizon sauro, kuma yana iya kisa cikin sa'o'i 24. A ƙididdigar OMS, cikin mutum shida da suka kamu da nau'insa mai tsanani ɗaya na mutuwa, ɗaya cikin biyar kuma na tashi da naƙasa kamar kurumta. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010 ta kusan kawar da nau'in A, amma annobar 2015 nau'in C ne ya haddasa ta. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar. Ma'aikacin da ya gama karatu shekara goma sha biyar da suka wuce, bai kuma sāke zama a ajin ƙarin sani ba, zai iya ɗauka cewa duk ɗalibin da aka yi wa allura yana ƙarami ya tsira.

Haka abin yake ga mashaƙo. Cutar ta yi shekaru ba a jin ɗuriyarta, har ma'aikata da yawa ba su taɓa ganin ta da idonsu ba. Da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, sannan ta bayyana a yankin Matameye na jihar Damagaram a 2023, yaran da suka isa shiga makaranta na cikin waɗanda ta fi kamawa. Tsakanin Kano da Damagaram, ko Katsina da Maraɗi, 'yan kasuwa da almajirai da 'yan biki na kai da komo kowace rana. Ciwon maƙogwaro da aka gane da wuri a wata makaranta a gefe ɗaya na iyaka kariya ce ga iyalai a ɗaya gefen.

'Yan mata da batun amana

Tsohon shugaban Nijar Mohamed Bazoum ya yi alƙawarin gina makarantun kwana 100 na 'yan mata, bayan ta farko da aka buɗe a Kelle cikin jihar Damagaram, domin rage auren wuri a ƙasar da UNICEF ta ce kashi 76 cikin 100 na 'yan mata na yin aure kafin shekara 18. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sauya hukumomi, amma damuwar iyaye na nan yadda take. Uban da zai bar 'yarsa ta kwana nesa da gida yana son sanin wa zai kula da ita idan ciwo ya kama ta da dare.

A nan ma'aikaciyar jinya mace na da matsayin da malami namiji ba zai iya riƙewa ba. Ita ce yarinya za ta iya gaya wa ciwon mara ko rashin audugar mata, abubuwan da ke sa wasu zama a gida kwanaki kowane wata. Ita ce kuma ya kamata ta fara duba 'yan matan da ke faɗuwa a aji, lamarin da 'yan Nijar suka laƙaba wa suna «génie tchatcheur». Iyaye da yawa na danganta shi da iskokai, suna neman malaman ruƙiyya. Ma'aikaciyar da ta samu horo ba sai ta yi jayayya da imanin kowa ba. Aikinta shi ne ta tantance ko akwai farfaɗiya, ko yunwa, ko ƙarancin jini, ko wata damuwa da yarinyar ta kasa faɗa a gida. Wannan na buƙatar sanin halayyar matasa da iya riƙe sirri, darussan da ba su da babban gurbi a horon jinya na gama-gari.

Harshe ma na cikin horon. Ma'aikaci ya yi karatu da Faransanci, amma uwar ɗalibi a Tasawa ko a unguwar Hausawa ta Garwa da Hausa za ta fahimci dalilin allura. Kamaru ta ga yadda jita-jita ke kawo cikas lokacin da ta fara allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa a 2020. Tunda dokar da Nijar ta kafa a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, fassara takardun lafiyar makaranta zuwa Hausa na daga cikin ayyuka mafi sauƙi da za a fara da su.

Abin da aljihun ƙasashen zai iya ɗauka

Ma'aikacin jinya a kowace makarantar firamare ba abu ne da kasafin kuɗin Nijar ko Cadi zai ɗauka nan kusa ba, balle yanzu da tallafin Amurka ga fannin lafiya ya ragu sosai tun farkon 2025. Amma akwai matakan da ba su fi ƙarfin gwamnatoci ba. Makarantun kwana ne ya kamata su fara samun ma'aikaci na dindindin, saboda cunkoson ɗakunan kwana ne ke saurin yaɗa cuta. Makarantun jeka-ka-dawo kuma ana iya haɗa su rukuni-rukuni a ƙarƙashin ma'aikaci guda da ke cibiyar lafiya mafi kusa, yana zagaya su a ranakun da kowa ya sani. Malaman makaranta sun riga sun saba raba maganin tsutsar ciki da na tsargiya, don haka horar da malami ɗaya a kowace makaranta kan alamomin haɗari da lambar da zai kira ba baƙon aiki ba ne.

Lokacin horon ma na da muhimmanci. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwanaki kaɗan na sabunta sani a watan Oktoba ko Nuwamba, kafin iskar hunturu ta kankama, sun fi taron gaggawa bayan an fara jana'iza. Ya kamata kuma rajistar ɗakin shan magani na makaranta ta shiga rahoton mako-mako da gundumomin lafiya ke tattarawa, domin ɗalibai uku masu zazzaɓi daga ɗakin kwana guda labari ne da ya kamata daraktan lafiya ya ji a ranar.

Abu mafi wuya shi ne matsayin ma'aikacin kansa. Yana aiki a harabar ma'aikatar ilimi, sana'arsa kuma ta ma'aikatar lafiya ce, don haka sau da yawa ba a san wanda zai saya masa magani, ko ya tura shi ƙarin karatu, ko ya ƙara masa girma ba. Muddin ana kallon turawa makaranta a matsayin ajiye mutum a gefe, ƙwararru za su ci gaba da neman komawa asibiti da zarar sun samu dama. Yarjejeniya a rubuce tsakanin ma'aikatun biyu, wadda ta fayyace albashi da horo da ƙarin girma, ita ce za ta nuna ko gwamnatocin yankin sun ɗauki lafiyar ɗalibai da gaske kafin lokacin sanƙarau na gaba.